Fatsar Nishaɗi a Teku da Sun Giwan Ruwa a Tafkin Chadi

Mutumin da ya saba shiga kasuwar kifi ta hanyar Baga a Maiduguri, inda ake sauke kwalayen banda daga motoci tun da sassafe, dillalai suna kwance igiya suna jinjina nauyi, fatake daga Onica da Legas suna tsaye suna tayawa, ba zai rasa riƙe baki ba idan aka gaya masa cewa akwai waɗansu bayin Allah a duniya waɗanda sukan kashe dukiyar da ta isa jarin babban falke, su ƙetare ƙasashe zuwa wani tsibiri a tsakiyar teku, su yini cikin rana suna fama da kifi guda ɗaya tak, sa'an nan idan sun rinjaye shi su zare masa ƙugiya su sallame shi ya koma inda ya fito. A wurinmu su sana'a ce, da ita ake ciyar da iyali, da ita ake aurar da 'ya'ya, da ita waɗansu suka sauke farali. Amma duk da haka al'adar nan ta cancanci a dube ta da natsuwa, domin a cikinta akwai abin ƙi bayyananne, akwai kuma wani abu guda wanda mu da kanmu muka taɓa riƙewa sa'an nan muka sake shi.

Asalin wannan fatsa, a surarta ta yanzu, ba ta daɗe ba. A shekarar 1898 wani masanin halittun ruwa mai suna Charles Holder ya kama kifin tuna mai nauyin kilo 83 da sanda da zare kaɗai a kusa da tsibirin Katalina na ƙasar Amurka, kuma a wannan shekarar ya kafa ƙungiyar masu fatsa a garin Abalon, bisa sharaɗin cewa ba za a yaba wa kowa ba sai wanda ya kama kifinsa da siririn zare, shi kaɗai, ba da taimakon wani ba. Daga nan abin ya bazu zuwa tsibiran ƙasashe masu zafi, irin su Bahamas da Hawayi da Morishus, har ya iso yammacin Afirka, inda a yau ake zuwa tsibiran Kef Bade da Firinsife da Asenshon domin neman kifin da suka ɗauka sarkin wannan fage, watau malin, mai dogon baki mai tsini da ƙarfin da ya wuce misali. A 1939 aka kafa ƙungiyar duniya ta masu wannan fatsa a birnin Niyok, wadda marubucin nan Ernest Hemingway ya zama ɗaya daga cikin mataimakan shugabanta, kuma ita ce har yanzu take riƙe da kundin da ake rubuta kowane babban kamu, da nauyinsa, da ranarsa, da ƙarfin zaren da aka kama shi da shi.

Yadda abin yake gudana kuwa shi ne, jirgi mai inji yakan fita da hantsi zuwa inda gaɓar tsibiri ta yanke ruwa ya yi zurfi, yana tafe a hankali yana jan koto a bayansa, ko dai ƙaramin kifi ko kuwa na roba da aka yi wa ado domin ya yi ƙyalli a cikin kumfa. Ana iya yini ba a ga kome ba. Amma da zarar malin ya haɗiyi koto, sai zare ya riƙa warwarewa daga kan ƙarfen naɗi da ƙara mai tsanani, mai fatsa ya zauna bisa wata kujera da aka kafe a bayan jirgi, a ɗaura masa ɗamara a ƙugu, ya dasa ƙafafunsa a kan katako, ya ɗaga sanda da dukan bayansa sa'an nan ya sunkuya ya naɗe ɗan abin da ya samu. Kifin kuwa yana tsalle sama da ruwa yana girgiza kai, ko ya nutsa can ƙasa ya ƙwace a cikin daƙiƙa kaɗan duk zaren da aka yi rabin sa'a ana tarawa. Dokarsu ta hana kowa, ban da mai fatsar, taɓa sandar ko zaren muddin ana wannan gwagwarmaya, kuma zaren da suke karɓa a kundinsu ba ya wuce wanda nauyin kilo 60 zai tsinka. A ƙarƙashin irin waɗannan ƙa'idodi ne Alfred Glassell ya kama baƙin malin mai kilo 707 a gaɓar ƙasar Feru ranar 4 ga Agusta 1953, bayan kusan sa'a biyu yana fama, kuma ba a rubuta wanda ya fi shi a jinsinsa ba har yau.

To, mene ne matsayin wannan a ma'aunin shari'a? Duk almajirin da ya zauna gaban malami a zaurukan Barno ya karanci Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya san cewa malamin ya raba farauta gida biyu, ya sanya wadda ake yi domin wargi a cikin makaruhai, wadda kuwa ake yi domin wata bukata ya bar ta a kan halacci. Fuƙaha'un mazhabar Malikiyya da suka biyo baya sun faɗaɗa bayanin, suka nuna cewa farauta tana iya zama wajibi ga wanda ba shi da wata hanyar ciyar da iyalinsa, tana kuma iya zama haramun ga wanda ta shagaltar da shi daga salla. Abin da yake cikin ruwa kuwa an sauƙaƙa hukuncinsa ƙwarai, ba ya bukatar yanka, kuma sananne ne a littattafan sira yadda rundunar Abu Ubaida, Allah Ya yarda da shi, ta yi kwanaki tana ci daga wata babbar dabbar teku da ruwa ya jefo gaɓa. Saboda haka babu shubuha a kan kifin kansa, magana tana kan niyyar mai kamawa. Ni dai a nawa fahimtar, mutumin da zai wahalar da rai na tsawon sa'o'i, har jikin kifin ya mutu da gajiya, ba don yunwa ba, ba don ciniki ba, sai don a ɗauki hotonsa kusa da ma'auni, ya shiga abin da malamanmu suka ƙyamata, kuma sakin da yake yi daga baya bai kankare wahalar da ta riga ta auku ba, balle ma an tabbatar waɗansu daga cikin kifayen da ake saki ba sa rayuwa. A zamanin farko kuwa ko sakin ba a yi, sai a rataye kifin a bakin gaɓa a auna, sau da yawa naman ya lalace a banza, wanda wannan israfi ne da babu mai hankalin da zai kare shi.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. Mutanen nan, da suka ga manyan kifaye suna raguwa, su ne suka fara ɗora wa kansu takunkumi tun hukuma ba ta ɗora musu ba. Tun daga 1954 wani masani mai suna Frank Mather ya fara raba wa masu fatsa 'yan alamomi masu lamba domin su maƙala a jikin kifi kafin su sake shi, kuma ta wannan hanya aka gano cewa tunan da aka yi wa alama a gaɓar Amurka yana ƙetare tekun Atilantika har a kama shi a gaɓar Turai. An kuma gane cewa malin ɗin da ya kai girman da ake alfahari da shi kusan kullum mace ce, mai ɗauke da ƙwai miliyoyi, don haka wanda ya kashe babba guda ya kashe zuriya mai yawa. Ilmin nan ya samu ne saboda sun lizimci awo da rubutu, shekara bisa shekara, ba su dogara ga ƙwaƙwalwar tsofaffi kaɗai ba.

Mu ma ba baƙi ba ne ga gasar kamun babban kifi. Bikin Argungu, wanda ya ɗauki surarsa ta yanzu a 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama domin ƙarfafa zumunci bayan tsohuwar gaba, shi ma yana da ƙa'idodinsa masu tsanani: ba jirgi mai inji, ba kalli na zamani, sai homa da gora da ƙarfin damtse, kuma wanda ya fito da giwan ruwa mafi nauyi, wanda a waɗansu shekaru yakan haura kilo 70, shi ne gwarzo. Amma abin lura, wanda 'yan kallo ba safai suke tunawa da shi ba, shi ne cewa giwayen nan ba su girma a Matan Fada, inda ake gasar, ba sai domin an kange wurin, Sarkin Ruwa da mutanensa sun hana a taɓa shi har ranar da aka buɗe. Kifin kuwa ana cinsa, ba a zubar da shi. Ke nan a Kabi an haɗa nishaɗi da amfani da kiyayewa a wuri guda, abin da masu fatsar teku suka daɗe suna lalube.

A nan Barno kuwa labarin ya fi nauyi a zuciya. Tafkin Chadi shi ne tekunmu, da tsibiransa, da mutanen tsibiransa, watau Buduma masu kiran kansu Yedina, waɗanda suka shahara da jiragen da suke ɗaurewa da ciyawar ruwa, kuma su ne Bajamushen nan Overweg ya ziyarta a 1851 cikin jirgin da aka ratso Sahara da shi a bayan raƙuma. A shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, kuma a buɗaɗɗen ruwansa akwai giwan ruwa da tsage da kawara da falia da ragon ruwa, ga su nan birjik. A wannan zamani ne kallin leda ya shigo, hanyar mota ta haɗa Baga da Maiduguri, masunta suka kwararo daga Kabi da Sakkwato da kwarin Binuwai da ma ƙasar Mali, aka kafa Hukumar Tafkin Chadi a 1964, banda ta zama ɗaya daga cikin manyan hajojin da arewa maso gabas take aikawa kudu. Sa'an nan fari ya zo. A 1973 tafkin ya rabu biyu, tudu ya taso tsakanin kwarin arewa da na kudu, kifi ya taru a ɗan ruwan da ya rage har kamun shekara guda ya haura tan 200,000, mutane suna murna da yalwa alhali kuwa iri ake cinyewa. Kafin 1975 ta ƙare kwarin arewa ya ƙafe. Da ruwa ya dawo, sai ya dawo a matsayin fadama mai ciyawa, wadda tarwaɗa da karfasa da bargi da gaiwa suke iya zama a ciki, amma giwan ruwa, mai bukatar sarari da iska a cikin ruwa, ya ja baya zuwa kudu wajen bakin kogin Shari, inda mafi yawan ruwan tafkin yake shigowa.

Wanda ya duba kwalin banda a yau zai karanta wannan tarihi da idonsa. Zai ga tarwaɗa an lanƙwasa ta an soke wutsiya da kai da tsinke, ta yi baƙi sidik da hayaƙi, da yawa ba su kai tsawon tafin hannu ba idan aka miƙe su. Manyan yanka masu kauri irin na giwan ruwa, waɗanda dattawan kasuwa suke ba da labari, sai an tona. Fari ƙaddara ce daga Allah, babu mai jayayya da wannan. Amma dumba, watau jeren gura da ake gicciyawa a mashigar ruwa daga wannan gaɓa zuwa waccan har ba abin da yake wucewa, da kalli mai ƙananan idanu da yake kwashe 'ya'yan kifi tun ba su san ruwa ba, waɗannan aikin hannunmu ne. Akwai dokar tarayya ta 1992 a kan sun ruwayen cikin ƙasa, wadda ta iyakance irin kayan da za a yi amfani da su, amma doka a takarda daban, mai tsare ta a kan ruwa daban. Kuma ikon bulamomi da sarakunan ruwa, wanda dā shi ne yake buɗe wuri ya rufe wuri, ya raunana tun lokacin da kange mashiga ya koma hanyar karɓar kuɗi. Daga baya fitina ta zo ta rufe kome, aka ƙone Baga da Doron Baga a Janairun 2015, dubban masunta suka yi gudun hijira, aka daɗe an hana safarar kifi, har kwalejin tarayya ta koyar da aikin kifi da take Baga ta komo Maiduguri.

Ba ina kira ba ne a kawo attajirai su riƙa wasa da giwan ruwa a Chadi, ko da yake a tafkin Nasir na Masar ana yin haka, har aka rubuta mai kilo 104 a shekarar 2000. Mutanen da suke neman abin da za su sa a bakin salati ba su da bukatar wannan, kuma na riga na faɗi abin da nake gani game da hukuncinsa. Abin da nake kwaɗayi shi ne, yanzu da masunta suke komawa bakin ruwa sannu a hankali, a fara da abin da aka yi sakaci da shi a karon farko. Maiduguri tana da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi, tana da jami'a, ga kuma kwalejin nan ta kifi, kuma babu abin da zai hana a ajiye ma'auni da littafi a kowace mashaya da ake sauke kifi, a rubuta jinsi da tsawo da nauyi, a san watannin da kowane iri yake ƙwai, sa'an nan a zauna da sarakunan ruwa da shugabannin masunta da malaman da suke musu limanci, a keɓe waɗansu mashigai waɗanda ba za a gicciya dumba a cikinsu ba a lokacin da ruwa yake hauhawa daga watan Oktoba, domin a lokacin ne ƙananan kifaye suke biyo ambaliya su shigo tafkin.