Waƙar Wa'azi da Yadda Take Fuskantar Masifa

Tun zamanin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake karantarwa a Degel, malamai suka lura cewa talakan da bai san Larabci ba, ba zai buɗe littafin tauhidi ya nemi abin da zai sanyaya masa rai ranar da ya binne ɗansa ba, saboda haka suka zuba ilimin cikin waƙa, da Fulatanci da Hausa, suka rubuta da ajami, domin manomi da masaƙi da matar da ke cikin kulle su haddace. Jigonta kuwa sananne ne: duniya gidan aro ce, mutuwa ba ta sallama, akwai kwanciyar kabari da tambayar Munkari da Nakiri, akwai Mizani da Siraɗi.

Wasu masu ilimin zamani suna zargin wannan fanni da kashe zuciya, wai yana koya wa mutum ya naɗe hannu ya ce ƙaddara ce. A ganina ba su yi masa adalci ba, domin waɗanda suka assasa shi su ne mutanen da suka yi hijira zuwa Gudu a 1804, suka sha yunwa, suka rasa mahaddata Alƙur'ani masu yawa a yaƙin Tsuntsuwa, kuma duk da haka ba su ja da baya ba har Alƙalawa ta faɗi a 1808. Abin da waƙoƙinsu suke yi shi ne rarrabe masifa gida biyu. Wadda ta sauko daga hukuncin Ubangiji, kamar rashi da cuta da fari, maganinta haƙuri da tawakkali. Wadda kuwa hannun ɗan Adam ya ƙulla, wajibi ne a faɗe ta a gaban mai ita. Shi ya sa Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu ya tsara da Fulatanci 'ya'yansa suka mayar da ita Hausa, ta fuskanci masu mulki da alƙalai da masu cin dukiyar jama'a, ta gaya musu makomar azzalumi ba tare da sakayawa ba.

Inda fannin ya fi taɓa zuciyata shi ne marsiyyoyin Nana Asma'u, wadda ta ga hijira tana yarinya, ta rasa mahaifinta Shehu a 1817, ta rasa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837. Ba ta ɓoye hawayenta ba, tunda Shari'a ba ta hana kuka ba, kururuwa da yage tufafi ta hana. Amma da ta gama bayyana kewa sai ta juya ga lissafa halayen mamacin, adalcinsa da tausayinsa da kyautarsa, har makokin ya zama darasi ga masu rai. Ita ce kuma ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru, tana naɗa mata da ake kira jaji masu kai karatu ƙauyuka, har ta rasu a 1864.

Haka Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya makance tun yana ƙarami, ya tsara Imfiraji. Duk wanda ya taɓa ganin makaho tsaye a ƙofar zaure, hannunsa a kafaɗar ɗan jagora, yana rera baitocinta, matan gida sun dakata da daka suna saurare kafin a aiko yaro da ƙoƙon hatsi, ya san cewa mai lalurar ne yake yi wa masu lafiya ta'aziyya.

Fannin yana da nasa aibi. Wasu mawaƙan baya sun tsawaita siffanta azabar Wuta, macizanta da kunamunta da sarƙoƙinta, har bushara da rahama suka zama baiti biyu a ƙarshe, alhali malamai sun ce mumini tsakanin tsoro da ƙauna yake tafiya. Wanda ya fi wannan muni shi ne rera wa talaka baitocin haƙuri a tsallake waɗanda suka shafi mahukunta. Ina roƙon malaman makarantun allo da na Islamiyya, idan za su koyar da waɗannan waƙoƙi, su koyar da su cikakku kamar yadda masu su suka bar su.