Cin Iri: Tarken Gasar Kofin Duniya ta 'Yan Ƙasa da Shekara 17

Ranar 11 ga Agusta, 1985, a birnin Beijin na ƙasar Sin, yaran Nijeriya suka doke na Jamus ta Yamma da ci biyu da nema, suka ɗauki kofi a karon farko da hukumar FIFA ta shirya wa yara gasar duniya. A wancan lokaci iyakar shekarun ɗan wasa 16 ce, sai a 1991 aka mayar da ita 17. Daga nan Nijeriya ta sake ɗaukar kofin a Japan a 1993, da Koriya ta Kudu a 2007, da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2013, da Cile a 2015. Sau biyar ke nan, alhali Barazil, wadda ake kira gidan tamaula, sau huɗu ta ɗauka. Ban da wannan, sau uku Golden Eaglets suka kai wasan ƙarshe aka doke su: 1987 da 2001 da 2009.

To amma babbar ƙungiyarmu, Super Eagles, ba ta taɓa wuce zagayen 'yan 16 ba a gasar kofin duniya ta manya. Nan ta tsaya a 1994, nan ta tsaya a 1998, nan kuma ta tsaya a 2014, gasar 2022 kuwa ko zuwa ba ta yi ba. Ƙasar da ta fi kowa kofin yara ta kasa kai wa ko da wasan daf da na kusa da ƙarshe a na manya. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Manufar wannan maƙala ita ce in auna gasar kanta, in duba abin da take aunawa da abin da ta kasa aunawa, in kuma duba yadda muka karanta sakamakonta. Ra'ayina shi ne gasar gwajin iri ce, mu kuwa muka ɗauke ta a matsayin kaka, muka daka irin muka yi tuwo da shi.

Kafin in soki gasar, wajibi ne in ba ta haƙƙinta. A 1985 babu wata ƙasar Afirka da ta taɓa ɗaukar kofin FIFA kowane iri. Nasarar Nduka Ugbade da abokan wasansa ta cire wa yaron Afirka shakkar Bature a fili, Gana kuma ta ɗora a kai da nata kofunan a 1991 da 1995. Ƙungiyar 1993 ta fito da Nwankwo Kanu da Wilson Oruma da Celestine Babayaro, ɗan Kaduna, waɗanda bayan shekara uku suka shiga cikin tawagar da ta ciwo zinare a wasannin Olamfik na Atalanta. A 2015 Victor Osimhen ya zura ƙwallo goma, abin da babu wanda ya taɓa yi a gasar kafinsa, a 2023 kuma ya ɗauki kofin gasar lig ta Italiya da Napoli, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Afirka. Wasan yara kuma yana da wani daɗin kallo da na manya ya rasa: ba su iya ɓoye tsoro ba, ba su iya kashe lokaci ba, idan aka ci su sai su taso gaba ɗaya. Wanda ya kalli wasan buɗe gasar 2009 a Abuja, inda Jamus ta fara cin uku sannan yaranmu suka rama duka ukun, ya san abin da nake nufi.

A waccan shekarar ne gasar ta zo har gida. An buga wasanni a Kano da Kaduna da Bauchi, ni kuma na samu shiga filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata na kalli Sifaniya da Amurka. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙanƙantar yaran Sifaniya. Sirara ne, fuskokinsu irin na ɗaliban da nake koyarwa a aji huɗu na sakandare. Amma kafin ƙwallo ta iso ƙafar ɗayansu ya riga ya waiga ya san inda zai tura ta. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce, "Waɗannan in suka haɗu da namu, ture su kawai za a yi." Maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba, domin a wasan kusa da na ƙarshe a Legas Nijeriya ta doke su da ci uku da ɗaya. Muka yi ta murna har dare.

Sai dai a dubi inda kowa ya kwana. A cikin waɗancan yaran Sifaniya akwai Isco, wanda ya ɗauki kofin zakarun Turai sau da dama da Real Madrid, da Koke, wanda ya zama kyaftin ɗin Atletico Madrid, da Alvaro Morata, wanda ya ɗaga wa ƙasarsa kofin nahiyar Turai a 2024. A cikin Jamusawan da muka yi kunnen doki da su akwai Mario Gotze, wanda ya ci wa Jamus ƙwallon da ta ba ta kofin duniya a 2014. Barazil tana da Neymar da Coutinho da Casemiro da Alisson, amma ko rukuni ba ta fita ba. Suwizalan da ta doke mu da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe ta yi fiye da shekara goma tana cin moriyar Granit Xhaka da Ricardo Rodriguez. A namu ɓangaren, Kenneth Omeruo da Ogenyi Onazi sun ɗauki kofin Afirka a 2013, wannan gaskiya ne. Amma Sani Emmanuel, wanda aka bai wa kyautar gwarzon gasar baki ɗaya, ya tafi Lazio bai samu gurbi a babbar ƙungiyar ba, sunansa ya ɓace yana tsakiyar ƙuruciya. Haka abin ya faru a 2007: Macauley Chrisantus ya fi kowa cin ƙwallo da guda bakwai, amma Toni Kroos na Jamus da David de Gea na Sifaniya su ne duniya ta ci gaba da kallo.

Wannan ya kawo ni ga aibi na farko, wanda yake jikin gasar kanta, ko da kowa ya faɗi gaskiyar shekarunsa. Tsakanin shekara 15 da 17 yara ba sa girma tare. Wani ya riga ya yi ƙirji da murya irin ta babba, sa'ansa kuwa har yanzu ƙashinsa bai gama miƙewa ba. A gasar da ba ta wuce 'yan makonni ba, wadda kashi ɗaya ke iya mayar da ƙungiya gida, mai horarwar da ke tsoron kora zai zaɓi yaron da ya fi gudu da ƙarfi yau, ya bar wanda ya fi basira amma jikinsa bai iso ba. Bayan shekara huɗu kowa ya girma, ƙarfin ya zama na kowa, sai a koma neman abin da aka koya wa yaro: tsayuwa a inda ya dace, karɓar ƙwallo cikin matsi, haƙuri da dabara. Saboda haka kofin yana nuna wanda ya riga girma fiye da yadda yake nuna wanda zai fi iyawa.

Aibi na biyu namu ne, shi ne maganar shekaru. A 1989 FIFA ta dakatar da Nijeriya daga gasannin matasa na tsawon shekara biyu saboda saɓanin ranakun haihuwa a takardun wasu 'yan wasa, ta kuma janye mata damar ɗaukar baƙuncin gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta 1991. A 2009 hukumar ta shigo da gwajin na'urar MRI, wadda ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu: idan mahaɗar da ƙashi ke tsiro daga gare ta ta rufe sarai, ana ɗaukar cewa kusan tabbas mutum ya wuce 17. A 2016, ana daf da wasan share fage da Nijar, 'yan wasa 26 na sansanin Nijeriya suka faɗi wannan gwaji. Da ragowar aka buga, aka ci ɗaya a Abuja, aka sha uku da ɗaya a Yamai. Mai riƙe da kofi ta zauna a gida, Nijar kuwa ta wuce har Indiya a 2017, inda ta doke Koriya ta Arewa a wasanta na farko a tarihin gasar. Cutar ba ta tsaya a kanmu ba, domin a farkon 2023 'yan wasa 21 cikin 30 na Kamaru suka faɗi irin wannan gwaji. Ban ambaci wannan don in zargi wani ɗan wasa da sunansa ba, kuma na san na'urar kanta tana iya zaluntar yaron da ƙashinsa ya rufe da wuri. Amma lamba irin 26 ta fi ƙarfin kuskuren na'ura.

Ni kaina an kawo mini wannan magana har teburina. Wani tsohon ɗalibina, ɗan wasan tsakiya da unguwa ke alfahari da shi, ya same ni bayan an tashi daga makaranta. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce, "Malam, alfarma na zo nema. Za a yi gwajin ɗaukar 'yan wasa, an ce sai 'yan ƙasa da 17. Don Allah a gyara mini takardar shaida a rage shekara uku."

Na ce, "Kai da na sani tun kana aji ɗaya, yanzu ai ka kai ashirin."

Ya ce, "Malam, lokacin da nake 16 na je. Waɗanda aka ɗauka wallahi wasu sun girmi yayana. Aka ce in je in ƙara cin tuwo. Yanzu na ci tuwon, an ce na tsufa."

Ban gyara takardar ba, kuma ban yi nadama ba. Amma ban samu amsar da zan ba shi ba, domin abin da ya faɗa shi ne ainihin ɓarnar. Duk babban da ya shiga rigar yaro ya kori yaro na gaskiya, shi kuma wanda aka kora sai ya jira shekara uku ya kori na bayansa. Haka kowane rukuni ke cin rabon ƙannensa. Ɗan shekara 16 na haƙiƙa, wanda aka ƙirƙiri gasar dominsa, shi ne kaɗai ba ya samun shiga. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: yaron da talauci ya tsare, wanda ya ga cewa wannan ce kaɗai ƙofar da dillalan Turai ke tsayawa a bakinta, laifinsa bai kai na manyan da ke sa hannu a takarda ba, bai kuma kai namu ba, mu 'yan kallo da ba ma karɓar komai sai kofi. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa yaran da aka yi wa rajistar haihuwa ba su kai rabi ba. Inda babu rajista, takardar rantsuwa ce ke zama ranar haihuwa.

Mai ja da ni zai iya cewa: Osimhen fa, da Kelechi Iheanacho da Samuel Chukwueze da Taiwo Awoniyi? Ai duk daga ƙungiyoyin 2013 da 2015 suka fito. Na yarda, kuma hujja ce mai ƙarfi. Amma hujjar a wurina take. Waɗannan ƙungiyoyi biyu, na Manu Garba da na Emmanuel Amuneke, an tace su da gwajin MRI, kuma su ne suka fi bai wa Super Eagles 'yan wasa masu ɗorewa tun bayan na 1993. Da aka matsa kusa da gaskiya, amfanin ya ƙaru. Sai dai har a cikinsu, wa ya ƙarasa rainon waɗanda suka yi fice? Ƙungiyoyin Ingila da Jamus da Beljiyam da Sifaniya ne. Wanda bai samu jirgi ba ya dawo gasar cikin gida da ba ta da tsayayyen rukunin matasa. Yaron Sifaniya yana komawa makarantar ƙungiyarsa ya ci gaba da darasi daga inda ya tsaya. Namu yana komawa liyafa da alkawari, daga nan sai jiran waya.

Tun daga 2025 FIFA ta mayar da gasar ta kowace shekara, da ƙasashe 48, a ƙasar Katar har zuwa 2029. Wannan yana da fuska biyu. Kyawunsa shi ne babu rukunin haihuwar da za a tsallake, kuma kofin da ake ɗauka duk shekara zai rage zama abin a mutu ko a yi rai. Muninsa shi ne kasuwar da ke ci sau ɗaya a shekara biyu yanzu za ta ci duk shekara, alhali dokar FIFA kanta ta hana sayar da yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai bisa 'yan togaciya. Nijeriya ba ta samu gurbi a gasar 2023 da ta 2025 ba, mutane da yawa kuma suna kiran haka abin kunya. Ni ban ga kunya a ciki ba, matuƙar yara na gaskiya aka kai. Abin kunyar shi ne a ce har yau sansanin 'yan makonni ake kira ana daf da wasa, alhali ba a fafe gora ranar tafiya.

Hukuncina a kan gasar shi ne tana da amfani ga ƙasar da ta san iyakarta, tana da illa ga wadda ta mayar da ita abin alfahari. Gyaran kuma ba ya buƙatar abin al'ajabi. A farfaɗo da gasannin makarantu, inda rajistar shiga aji ɗaya ke tona shekarun yaro tun kafin ya san amfanin ɓoye su. A wajabta wa kowace ƙungiyar babban rukuni ta riƙe 'yan ƙasa da 15 da 'yan ƙasa da 17 masu buga wasa duk mako. A hukunta jami'in da ya sa hannu a takardar ƙarya kafin a hukunta yaron da ya miƙa ta. Sannan a sauya ma'aunin da ake auna mai horar da yara: a bar tambayarsa ina kofi, a jira shekara biyar a ƙirga yaransa nawa ke buga wa babbar ƙungiya.

Tsohon ɗalibin nawa yanzu yana gyaran waya a kasuwa, da yamma kuma yana horar da yaran unguwarsu a filin makarantar firamare. Ranar da na je kallonsu ya nuna mini wani littafi da yake rubuta sunan kowane yaro da ajinsa da shekarar da aka haife shi, bayan ya tambayi mahaifiyar yaron da bakinsa. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Malam, ba na so a ce wa ɗayansu ya je ya ƙara cin tuwo."