Mungo Park Da Masu Masaukinsa

In malam ya tambayi 'yan aji, "Wa ya gano kogin Kwara?" kafin ya rufe baki za a amsa masa, "Mungo Park, cikin shekarar 1796." Amsar nan takan fid da yaro a jarrabawa, amma mun tabbata da yawa cikin masu ba da ita ba su taɓa buɗe littafin da Park ya rubuta na labarin tafiyarsa ba, wanda aka buga a Landan cikin 1799. Shi za mu duba yau, gama abin da ke cikinsa ya sha bamban da abin da aka haddace.

Park likita ne, mutumin Sikotilan, an haife shi cikin 1771. Wata jam'iyya ta manyan Ingila, wadda aka kafa cikin 1788 don binciken ƙasashen Afirka, ita ta aiko shi ya ga ko ina Kwara ta dosa, gama masanan Turai sun daɗe suna gardama, waɗansu na cewa gabas, waɗansu na cewa yamma. Ya sauka Gambiya cikin 1795, ya zauna Pisaniya yana koyon harshen Mandingo, kana ya kama hanya cikin watan Disamba tare da tafinta ana kiransa Johnson da wani yaro bawa mai suna Demba. Sarki Ali na Ludamar ya tsare shi wajen wata huɗu, ya kuma riƙe Demba. Park ya gudu bisa ramammen dokinsa, cikin Yuli 1796 ya iso Segu, ya ga kogin yana gangarawa gabas.

Yabon gwani ya zama dole. Abin da ya fi ƙayatar da mu ga littafin nan shi ne mai shi ba ya kurarin kansa. Ranar da ya ji tsoro ya ce ya ji tsoro, ranar da ya yi bara ya ce ya yi bara. Har ya faɗi yadda wani mai masaukinsa a Kulikoro ya ba shi allo ya cika da rubutu ciki da baya, mutumin ya wanke ya sha, shi kuwa ya sami abincin dare. Bisa zancen kogin kuma, ya bayyana a fili cewa ganin ruwan na tafiya gabas bai ba shi mamaki ba, don mutanen ƙasashen da ya ratsa sun riga sun gaya masa haka. To, kun ji daga bakin mai ita. Abin da Park ya yi shi ne ya kai wa Turai labarin da masunta da fatake suka sani tun kaka da kakanni. Aiki ne babba, ya kuwa sha wuyarsa, amma ku san iyakarsa.

Wurin da littafin ya fi ratsa zuciya shi ne daren Segu. Sarki Mansong ya hana shi ƙetarewa, mutanen ƙauye suka ji tsoron saukar da shi, ya yini gindin itace ba ci, ga hadari ya taso. Sai wata mace mai dawowa daga gona ta gan shi, ta ɗauki sirdinsa da linzami, ta kai shi ɗakinta, ta gasa masa kifi, ta shimfiɗa masa tabarma. Matan gidan suka kwana kaɗi, suna rera waƙar tausayi wadda suka shirya masa nan take. Da safe ba shi da abin biya sai maɓallan tagulla biyu daga huɗun da suka rage a rigarsa. Ku lura fa, an rubuta yawan maɓallai, an rubuta wuri 5,000 da Mansong ya aiko masa don guzuri, amma sunan matar nan ba ya cikin littafin.

Daga Silla ya juyo, zazzaɓi na cinsa, 'yan fashi suka tuɓe shi, sai dai suka mayar masa da malfar da yake ɓoye takardunsa ciki. A Kamaliya wani Musulmi, Karfa Taura, ya karɓe shi, ya yi jiyyarsa, ya ciyad da shi wata bakwai. Mai karatu ya riƙe wannan sa'ad da ya zo inda Park ke zuba baƙar magana kan Larabawan Ludamar, har takan so ta shafi addininsu. Zafin ɗauri ne ke magana nan, ga shi kuwa wanda ya ceci ransa mai salla ne.

A nan kuma babban aibin littafin yake. Karfa dillalin bayi ne, kuɗin bawa guda shi ne ladan da suka shirya, cikin ayarinsa na bayi Park ya komo Gambiya cikin 1797, jirgin bayi kuma ya fitar da shi. Ya ga igiya a wuyan mutane, ya ga mari a ƙafafunsu. Ya ba da labarin Neli, baiwar da zuma ta harba, ta kāsa tafiya, aka yi ta dukanta, daga bisani aka yashe ta a daji. Duk wannan ya rubuta shi sosai, ba ya rage kome. Amma da ya zo ga hukunci sai ya noƙe, har ya nuna wai hana Turawa sayen bayi ba zai kawo gyara mai yawa ba. Ya kamata ku sani, sakataren jam'iyyar da ta aiko shi, Bryan Edwards, wanda ya taimaka wajen shirya littafin, mai gonaki ne a Jamaika, yana kuwa cikin masu ƙin a hana cinikin. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Idon Park mai gaskiya ne, bakinsa ne ya yi nauyi.

Ƙarshen labarinsa ya nuna darajar masu masaukin nan. Cikin 1805 gwamnatin Ingila ta sake aiko shi, wannan karon da Turawa fiye da 40, yawancinsu soja. Damina ta same su a hanya, 11 kaɗai suka ga Kwara, biyar kaɗai suka shiga jirgi a Sansandin cikin Nuwamba. Park ya ƙudura ba zai tsaya neman izinin kowa ba, duk kwalekwalen da ya matso sai a buɗe masa wuta. Da haka ya wuce Tambutu, ya iso Yawuri, inda jagoransa Amadi Fatuma ya rabu da shi. A duwatsun Busa ruwa ya ci shi cikin 1806, wurin da tafkin Kainji ya rufe bayan an gama madatsar ruwa cikin 1968. Wajen shekara 50 bayan haka, Barth ya tarad da Abzinawan bakin kogi ba su manta da harbin nan ba. Bakin Kwara kuwa sai cikin 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka kai gare shi. Mutumin da ya shigo da sanda da tsumma ya koma gida lafiya, da ya komo da bindigogi ya halaka. Da ɗan gari akan ci gari.

Saboda haka muna ba ku shawara ku nemi littafin nan ku karanta, gama ya cancanta. Amma ku karanta da alƙalami a hannu. Duk inda Park ya ci, ku rubuta wanda ya dafa. Duk inda ya ƙetare ruwa, ku rubuta wanda ya tuƙa. In kun kai ƙarshe ku ƙirga, sa'an nan ku sake amsa tambayar malam. Haka kuma za ku yi da labarin kowane Bature matafiyi, ko Kolumbus ne ko Barth. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.