Sharhi kan Labarin "Farisanci Sukari Ne" na Jamalzade

A shekara ta 1921 aka buga wani ɗan littafi na Farisanci a birnin Berlin mai suna Yeki Bud Yeki Nabud, watau kalmomin da mutanen Iran ke buɗe tatsuniya da su, kamar gatanan gatananku. Mawallafinsa, Muhammad Ali Jamalzade, haifaffen Isfahan ne, ya yi karatun shari'a cikin Faransanci a Dijon, ya rasu a Janeba a 1997. Labarin farko na littafin, "Farisanci Sukari Ne", shi ne masana ke ɗauka mafarin gajeren labari na zamani a wannan harshe, kuma kan sha'anin harshe aka gina shi ɗungum.

Mai ba da labarin ya komo daga Turai, ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Anzali, aka jefa shi kurkuku. Can ya tarar da wani shehi da wani ɗan boko mai kwaikwayon Turawa, yana karatun littafin Faransanci. Can kuma aka turo wani yaro talaka, Ramazan, a firgice, yana neman wanda zai gaya masa laifinsa. Shehi ya amsa masa da Farisancin da Larabci ya shaƙe, ɗan boko ya amsa da wanda Faransanci ya shaƙe. Yaro bai gane ko ɗaya ba, ya ɗauka da mahaukata aka kulle shi, bai sami natsuwa ba sai da mai labarin ya yi masa magana irin ta gida.

Ɗan bokon nan ba ƙage ba ne kurum. Tun da aka buɗe makarantar Darul Funun a Tehran a 1851, Faransanci ya zama ƙofar ilimin likita da na soja da na injiniya a Iran, har tsakiyar ƙarni na 20 da Ingilishi ya ture shi.

Sau da yawa akan karanta labarin a matsayin kiran a tsarkake harshe daga baƙin kalmomi. Wannan fahimta ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Wanda ya kwantar wa Ramazan da hankali shi ma daga Turai yake, da hularsa ta Turawa, har yaron ya zaci baƙo ne. Ya san Faransanci sarai. Bambancinsa da ɗan boko shi ne ya san da wa yake magana. Ita kanta sigar gajeren labarin daga Turai Jamalzade ya aro ta. Abin da ya soka shi ne mai ilimin da ke mayar da harshe rigar ado alhali mutum na gabansa cikin tsoro.

Sai dai labarin yana da rauni. Bai rarrabe tsakanin kalmar da aka yafa don alfahari da wadda ta sami gindin zama ba, kuma tarihi ya nuna a nan gizo ke saƙa. Hukumar harshe ta Farhangestan, wadda aka kafa a 1935 aka kuma sabunta a 1970 da 1990, ta ƙirƙiro kalmomi masu yawa. Wasu sun karɓu, kamar balgard maimakon helikwafta a bakin ƴan jarida. Amma asanbar bai iya korar asansor ba, kuma har yau jikokin Ramazan suna shiga otobus, suna wanka da dush, suna godiya da mersi, ba tare da sun ji baƙin harshe a bakinsu ba. Haka lakwal da lokotoro suke a bakin Bahaushen Maraɗi ko Damagaram, abin da ya kamata masu tsara littattafan yaƙi da jahilci su lura da shi kafin su soke kalma don asalinta.

Rauni na biyu ya fi zurfi. Ramazan, wanda aka rubuta labarin don kare harshensa, kuka da roƙo ne rabonsa, kuma wani mai ilimi ne ya cece shi. Ko a ƙarshe, da aka gaya masa Farisanci mutanen nan biyu ke yi, dariya ya yi, ya ɗauka zolayarsa ake.