Zumuncin da Wariya Ta Haifa a Jami'o'in Amurka

A shekarar 1906, ɗalibi baƙar fata a Jami'ar Cornell da ke jihar New York tamkar bare yake a tsakiyar gari. Ƙungiyoyin zumunta na Turawa, inda ɗalibai ke samun masauki da abokan karatu da hanyar aiki, ba sa karɓar sa. Sai samari bakwai suka ce tunda an hana su inuwa, bari su dasa bishiyarsu. Ranar 4 ga Disamba suka kafa Alpha Phi Alpha. A 1908 'yan mata a Jami'ar Howard ta birnin Washington suka kafa Alpha Kappa Alpha. Sauran suka biyo baya, har Iota Phi Theta ta zama ta tara a 1963: biyar na maza, huɗu na mata.

Kada mai karatu ya haɗa su da ƙungiyoyin asirin da suka addabi wasu jami'o'in Najeriya. Suna da rantsuwa da sirrin cikin gida, amma rajistarsu da shugabanninsu da ayyukansu duk a fili suke. Martin Luther King da alƙali Thurgood Marshall 'yan Alpha Phi Alpha ne. Kwame Nkrumah da Nnamdi Azikiwe sun shiga Phi Beta Sigma lokacin da suke karatu a Amurka.

Baƙo ya fi lura da ado: ruwan hoda da kore na matan Alpha Kappa Alpha, ja da fari na Delta Sigma Theta, da rawarsu ta buga ƙafa da tafi a jere, wadda jiki kansa ne gangarta. Ni kuwa abin da ya fi kama ni shi ne zumuncin ba ya ƙarewa ranar karɓar digiri. Akwai rassan waɗanda suka gama karatu, inda tsohuwa mai jikoki ke biyan kuɗin ƙungiya, tana kiran yarinya sa'ar jikarta 'yar'uwa. A nan ƙarfinsu yake.

Dubi abin da ya faru a Mississippi daga 1935. Likita Dorothy Ferebee ta jagoranci matan Alpha Kappa Alpha zuwa yankin auduga domin yi wa 'ya'yan manoman haya allurar rigakafin agana da mashaƙo. Masu gonakin suka hana ma'aikatansu zuwa wuraren da aka tanada. Matan ba su juya gida ba. Suka loda magunguna a motocinsu suka riƙa bin gonaki, suna kafa teburi a harabar coci ko gindin bishiya, kuma suka yi ta komawa shekara bayan shekara har farkon shekarun 1940. Tun kafin nan, a Maris na 1913, 'yan Delta, ƙungiyarsu ba ta cika wata biyu ba, sun shiga jerin gwanon neman 'yancin zaɓen mata a Washington, duk da wasu masu shirya taron ba su so ganin baƙaƙe ba.

Sai dai akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Waɗanda aka rufe wa ƙofa su ma sun koyi rufe ta. An daɗe ana zargin wasu rassa da fifita mai hasken fata da ɗan gidan masu hali, abin da Spike Lee ya fito da shi a fim ɗinsa School Daze na 1988. Mafi muni shi ne azabtar da sababbin shiga: duka da sanda, hana barci, wulaƙanci, wai don a gwada juriya. Ban ga yadda jikokin waɗanda suka sha bulalar bauta za su mai da duka sharaɗin 'yan'uwantaka ba. A 1990 shugabannin ƙungiyoyin suka soke tsohon tsarin ɗaukar sababbi, amma al'adar ta koma ɓoye. Bayan shekara huɗu, wani ɗalibi a wata jami'a ta jihar Missouri ya mutu sanadiyyar dukan da ya sha a hannun waɗanda yake son ya kira 'yan'uwa.