Tubalan Labari Masu Maimaituwa: Abin da Darasin Tatsuniya Ke Tsallakewa

Yawancin darussan tatsuniya a makarantunmu kan tsaya ne a kan tambaya guda: wane darasi aka koya? Da ɗalibi ya ce haƙuri ko biyayya, sai a rufe littafi. Wannan hanya ta mayar da tatsuniya wa'azi tsagwaronsa, ta kuma rufe ido daga tubalan da ake gina labarin da su, waɗanda ke dawowa daga labari zuwa labari, har daga al'umma zuwa al'umma.

Tarihihin ƙasar Ailan zai haskaka wannan batu. A can, yaro Setanta ya kashe karen maƙeri Kulan, aka laƙaba masa sabon suna, Ku Kulan, wato karen Kulan. A nan kuwa, Bayajida ya kashe macijin rijiyar Kusugu a Daura, wanda ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, wasu ruwayoyi suka kira shi Makas-Sarki. Tubalin ɗaya ne: jarumi kan samo sunansa daga dabbar da ya kashe. Akwai kuma tubalin hani. An haramta wa Ku Kulan cin naman kare, ya karya hanin, ajalinsa ya biyo baya. 'Yar mowa a tatsuniyar Ruwan Bagaja ma ta ƙi bin abin da aka umarce ta, ta gamu da abin da ta gamu da shi. Sai dai a yi hattara. Kamanni ba hujjar aro ba ce, kuma malamin da ya ce Bayajida daga Turai aka kwaso shi ya ɓata darasin.

Abin lura shi ne, kundin Frank Edgar mai juzu'i 3, Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa (1911 zuwa 1913), a Belfas ta tsibirin Ailan aka buga shi. Shi da Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya sun adana labarai masu yawa, amma ba su jera tubalan don mai koyarwa ba, alhali Tom Peete Cross ya fitar da irin wannan jadawali na tsohon adabin Ailan tun 1952.

Hanyar tattarawarsu ta fi jadawalin amfani gare mu. Tsakanin 1937 da 1939, ɗalibai fiye da 50,000 daga makarantun firamare kusan 5,000 sun rubuto labarai daga bakin kakanni da maƙwabta. Unguwa irin Gwallameji, inda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Bauchi ta jawo mutane masu harsuna daban-daban, wuri ne da ya dace da wannan gwaji. A aji guda ana iya samun ɗan Bahaushe da ɗan Bafulatani da ɗan Bajari da ɗan Basayi. Kowa ya kawo labarin dodon ruwa ko na marainiya daga gidansu, a rubuta da Hausa, a jera su a allo, ɗalibai su fitar da abin da ya maimaitu da abin da ya sauya. Manhaja ta ware wa wannan aiki makonni a zango guda, da makinsa a gwajin aji.