Halifa da Uwarsa: Taurari da Jigo a Littafin Vathek na William Beckford

Vathek yana cikin ƙagaggun labaran ban tsoro na farko da Turawa ke kira gotik. Beckford ya rubuta shi da Faransanci a 1782, Samuel Henley kuma ya fitar da fassararsa ta Ingilishi a 1786. Horace Walpole, wanda ya share fagen a 1764, ya gina tsoronsa a tsohon gidan sarautar Italiya. Beckford ya kai nasa Samarra, fadar Abbasiyawa.

Babban tauraron ya aro sunan Halifa Wasiƙ, wanda ya yi mulki daga 842 zuwa 847. Vathek mutum ne mai kwaɗayin abinci da na sanin gaibu, kuma marubucin ya mayar da su ciwo guda. Fadoji biyar da ya gina domin gani da ji da shaƙa da ɗanɗano da sha'awa, da hasumiyar duban taurari, duk yunwa ɗaya suke ciyarwa. Da baƙon nan Giaour ya nemi yara hamsin kafin ya buɗe masa ƙofar taskar ƙarƙashin ƙasa, halifan bai daɗe yana jinkiri ba.

Sai dai mai riƙe da akalar labarin ita ce mahaifiyarsa, Carathis. Duk sanda ɗan ya shagala da daɗi, musamman bayan ya haɗu da Nouronihar, ita ke ingiza shi ya koma kan hanyar Istakhar. Shi raggo ne ko a wajen saɓo. Ita ba ta gajiya.

A fili jigon gargaɗi ne kan girman kai. Azabar fadar Iblis ita ce mafi ƙarfi a littafin: jama'a na yawo shiru, kowa dafe da ƙirji, zuciya na ci da wuta, masoya kuma sun koma kallon juna da ƙiyayya. Amma a nan ne aron Beckford ya tonu. Ya sanya Sulaimanu ɗan Dawuda cikin masu shan wannan azaba, alhali aya ta 102 ta Suratul Baƙara ta wanke shi daga kafirci. Bahaushen da ya tashi da ƙissar Annabi Sulaimanu zai gane nan take cewa marubucin kayan ado ya ɗiba daga Musulunci, ya bar aƙidar.